Ƙusoshin Gwaggo

Shekara ashirin da bakwai Gwaggona ta yi tana dafa shayi a lungun kantin kayan masarufi da ke tsallaken titi da shagon ɗinkina, tsakanin buhunan shinkafa da firjin madara. Ƙanwar mahaifina ce, amma duk layinmu Gwaggo ake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Gajeriya ce, tana jan ƙafa ɗaya tun wata faɗuwa da ta yi tana yarinya, kuma idan ka bar jiƙaƙƙen cokali a gwangwanin sukari za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Ba ta iya karatu ba, da babban yatsa take sa hannu. Amma in dai maganar sanin wanda ya tashi lafiya da wanda bai tashi ba ce, babu ofishin da ya kamo ƙafarta. Wannan sanin shi aka ƙwace mata da rana tsaka, shi ya sa har yau in na tuna sai in ji ƙirjina yana tafasa.

Da tsintsiya ta fara a kantin. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya da ɗaki ɗaya, Mai Kanti ya ɗauke ta shara da goge kanta. Lokacin ƙofa ɗaya ce da fanka ɗaya mai kuka. Wata safiya ta ga masu sauke kaya zaune a kan buhuna suna tura busasshen burodi, suna haɗiya da ƙyar, sai ta kunna rishon da ke bayan kanti ta dafa musu shayi. Mai Kanti ya fito ya tsaya yana kallo. Ta ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce a zuba masa shi ma. Kafin wata ya ƙare ya kira kafinta ya buga benci biyu masu majingina da dogon tebur, aka tura buhuna gefe, lungun ya zama na Gwaggo.

Tsarin ba wuya. Ka ɗauko burodinka da ƙwanka ko gwangwanin kifinka daga kanta, ka biya a gaba, ka kawo mata. Ta soya, ta buɗe, ta yanka, ta zuba shayi. Da sassafe masu sauri ne, su sha a tsaye su wuce aiki. Daga ƙarfe takwas benci ya zama na tsofaffi, waɗanda aiki ya sallama, 'ya'ya suka watse, ɗaki ya yi musu faɗi. Akwai Nas, wadda ta yi ritaya amma ba ta daina duba idon mutane tana ce musu jininsu ya hau ba. Akwai Direba, da ya yi shekara talatin da biyar yana jan bas, bakinsa har yau bai taka birki ba. Akwai Mai Walda, da hasken aikinsa ya cinye masa rabin gani. Nan za su zauna su yi ta gardama a kan labaran rediyo da ƙwallo da maganin ciwon gwiwa, masu sayayya suna ratsawa da kwanduna, wannan ta tsaya ta gaisa, wancan ya ɗora gindi ɗaya ya ce minti biyu zai yi, ya share awa.

Allon ƙusoshin kuwa wani tsoho mai wanki da guga ne sanadinsa. Shiru-shiru ne, kullum ya zo ya sha shayinsa ba sukari ya tafi. Wata rana bai zo ba. Gwaggo ta ɗauka ta gan shi, masu benci suka ɗauka ya yi tafiya, maƙwabtansa suka ɗauka yana wurin aiki. Kwana huɗu yana kwance a bayan ƙofarsa kafin wari ya sanar da mutane. Gwaggo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kashegarin da aka binne shi ta zo da murfin wani tsohon akwatin katako, ta ari guduma wurin Mai Walda, ta buga ƙusa goma sha huɗu a jiki, layi biyu, duk a karkace, ta rataye a bangon da ke saman risho.

"Daga yau kowa ya zo da kofinsa daga gida," ta ce. "Mai hannu, wanda zai ratayu. Wanda ba shi da kofi ba shi da shayi."

Kowa da ƙusarsa. Idan ka zo ta sauke kofinka. Ka gama sha ta wanke ta kife a faranti, ba zai koma ƙusa ba sai za a rufe kanti. Wanda zai yi tafiya dole ya ɗauki kofinsa da hannunsa ya tafi da shi gida. Ƙarfe goma daidai Gwaggo za ta ɗaga kai ta dubi bango. Duk kofin da ta gani a rataye, za ta kashe risho, ta goge hannu, ta ja ƙafarta har ƙofar mai shi. Mai Kanti bai taɓa tambayarta ina za ta ba. Ya san ƙarfe goma nata ne.

Sau biyu ta samu Nas jiri ya kayar da ita a tsakar ɗaki. Ta samu wata tsohuwa da zazzaɓi ya hana ta ko miƙa hannu ga ruwa. Sau ba adadi kuma ta tashi Direba daga barci, ya fito da tawul a ƙugu yana masifa.

"Gwaggo, wai mutum ba shi da ikon makara a ɗakinsa?"

"Ka zo ka makara a kan bencina inda nake ganinka."

Ƙusa ta farko a layin sama ta Malam ce, tsohon malamin lissafi. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a wani gari mai nisa. Kofinsa farin tangaran ne mai shuɗin baki, ya ɗan ɓantare a gefe. Takwas saura kwata yake shigowa, har masu kanti sukan gyara agogo da shi. Mutum ne da in ya ce e, to e ɗin ce ko sama za ta faɗo. Shi ya laƙaba wa Gwaggo Hedimasta.

"Shekara talatin ina kiran suna a aji ban taɓa bin kowa gida ba," yakan ce. "Ke kin fi mu duka, Hedimasta."

"Shi ya sa rabinsu suka fito ba su iya raba goma biyu ba. Ɗauke gwiwar hannunka zan goge tebur."

Haka aka yi ta tafiya har gwiwoyin Mai Kanti suka ƙi, ya miƙa wa ɗansa mabuɗi. Wannan ɗan, Gwaggo ta goya shi tana shara, ya jiƙa mata zani ba sau ɗaya ba. Yanzu ya kai ashirin da takwas, ga gemu an gyara, ga waya biyu, kuma ya kafa doka kowa ya riƙa ce masa Manaja. Ya rufe kanti kwana goma ya ce gyara zai yi.

Ranar da aka buɗe na tsallaka in gani. Ba zan yi masa ƙarya ba, rufin da ke yoyo ya daina, ƙasa tana ƙyalli, gaban kanti duk gilashi, ga sanyi yana busowa daga sama. Sai na duba lungun Gwaggo. Babu benci, babu tebur, babu risho. An jera wasu dogayen kujeru marasa majingina, irin waɗanda sai ka yi tsalle kafin ka hau, da 'yan teburori da faranti biyu ba za su zauna a kai ba, da wurin cajin waya a kowace kusurwa. An kawo injin shayi mai maɓallai. An ɗora wa Gwaggo wata hula mai baki kamar za ta buga wasa. A sama kuma an shimfiɗa ƙyalle da manyan haruffa: SABON SALO, KU YI SAYAYYA, KU CI, KU HUTA, KU YI ZUMUNCI.

Sabon salo. Abin da tsohuwa ta yi shekara ashirin da bakwai tana yi da risho ɗaya da buta biyu, shi ne wani ya je ya gano a waya ya dawo yana koya mana. Nas ta tsaya a gaban kujera tana auna ta da ido, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta mayar. Mai Walda ya hau da taimakon mutum biyu, ya zauna a ƙage yana riƙe da bakin tebur kamar wanda aka ɗora a jirgin ruwa. A bangon da allo yake a da, an manna hoton wani kofi yana hayaƙi.

Ina tsaye Gwaggo ta tare Manaja.

"Ɗan nan, allona fa?"

"Mama, a gaban kwastoma Manaja za ki riƙa cewa. Wane allo?"

"Na kofuna."

"Haba Mama. Ki dubi bangon nan, ki tuna wancan katakon. Kuma kofin da aka yi shekara goma ana sa baki a ciki, masu duba tsafta suka shigo me zan ce musu?"

"Ka ce su sunsuna. Da tafasasshen ruwa nake wanke su tun kana tsotsar yatsa."

"Ga kofin takarda nan, a sha a yar. Ke ma aiki ya ragu miki."

"To da me zan san wanda bai zo ba?"

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro ya yi tambayar wauta, kuma wannan ta fi ƙona ni.

"Wanda bai zo ba ai ba kwastoma ba ne, Mama. In ya dame ki, ki samu takarda ki riƙa rubuta sunayensu."

Ya san ba ta iya rubutu ba. A bayanta ya girma, ya sani sarai. Nan na aje kwandona na wanke shi tas a gaban ma'aikatansa. Na tuna masa wadda ta share masa majina, na tuna masa a kan wane benci ya koyi zama. Ya tsaya yana murmushi yana cewa, "Anti, ki yi haƙuri, tsari ne," yana duba waya. Na fita ta baya na samu allon a jingine kusa da yagaggun kwalaye, kofunan an tula su a kwali ɗaya kamar kayan bola. Na kwaso duka, allon na jingine a gefen shagona, kwalin na tura ƙarƙashin teburin yankana.

Da a nan na tsaya, da yau fushina da mutum ɗaya nake yi.

Ranar Lahadi da yamma na tara tsofaffin a shagona, wasu a kan kujera, wasu a kan bandiran yadi. Na ce musu sati guda kada kowa ya taka kantin, ko gishiri kada a saya, ya ga yadda lungun nasa zai yi ba kowa, zai dawo da allo da ƙafarsa. Direba ya buga cinya ya ce shi wata guda ma zai iya. Nas ta ce dama shayin inji yana hawar da jini. Gwaggo tana bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

"'Yar Yaya, in duk ba su zo ba, ta yaya zan gane wanda bai zo ba?"

"Sati ɗaya ne, Gwaggo. Kowa yana gidansa lafiya. Ki bar min wannan, ke kin cika sanyi."

Ta dube ni. Malam ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Na amince. Sati guda, daga gobe."

Abin da ban sani ba, saboda satin ina fama da labulen wani otal, bayana a ƙofa, keken ɗinki yana ruri, shi ne tun Litinin suka fara satar hanya. Direba yana shiga ta ƙofar gefe da ƙarfe tara. Nas tana zuwa sha ɗaya ta rufe rabin fuska da mayafi, wai sabulu ta zo saya. Mai Walda yana shan nasa a tsaye a bayan buhunan shinkafa. Kowa yana ɓoye wa kowa, duka suna ɓoye mini. Gwaggo tana zuba musu ba ta cewa komai. Ita kuma an kafe ta a gaban inji tun safe tana danna maɓalli, samari da 'yan mata masu kwamfuta sun cika dogayen kujerun, fuska ɗari tana wucewa ta gabanta, kowa da kofin takarda iri ɗaya. Hutunta na ƙarfe goma an mayar da shi ƙarfe biyu, saboda wai goma lokacin ciniki ne.

Ranar Alhamis na fito kaɗe ƙyallaye na kama Direba a bakin kanti, hannu ɗaya a baya, hayaƙi yana tashi ta bayan kafaɗarsa.

"Baba Direba, me ke ci da wuta a bayanka?"

"Ni? Wucewa nake."

"Mai wata guda ke nan. Kwana huɗu bai cika ba."

"To Tela, in gaya miki gaskiya, duk zuwa muke. Mutum ya zauna a ɗaki ya yi hira da wa, da fanka? Malam kaɗai ya riƙe miki alkawari, shi dama taurin kai a jininsa yake."

Wallahi daɗi na ji. Na ce ga mutum ɗaya mai magana ɗaya. Na tura ƙofar gilashin don in kunyata sauran a gaban Gwaggo, na ce mata ta ji, Malam ne kawai namiji a cikinsu, tun Litinin bai leƙo ba.

"Ya zo mana," ta ce, hannunta a kan maɓalli. "Ya zo ranar..."

Ta tsaya. Na ga idonta ya tafi bango, daidai inda ƙusa ta farko take zama, ya tarar da hoton kofi mai hayaƙi. Shayi ya cika kofin da ke hannunta ya fara zuba ba ta ji ba.

"Na ga farar hula ranar Talata. Ko Litinin ce. Ko wani ne daban." Ta juya ga Direba. "Kai ka gan shi a hanya?"

"A'a."

"Sauran fa? Wa ya ga tagarsa a buɗe?"

Babu wanda ya gani. Agogon kanti ya nuna goma da minti ashirin. Gwaggo ta cire hular nan ta aje a kan inji ta nufi ƙofa. Manaja ya taso daga bayan kanta.

"Mama, ba lokacin hutunki ba ne, ga layi."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ban taɓa ganin ƙafar nan da take ja ta yi sauri irin na ranar ba. Ni da Direba da Mai Walda muna binta a baya.

Ɗakin Malam yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Takalminsa na fita yana bakin ƙofa a jere, taga a rufe. Gwaggo ta buga, ta kira. Shiru. Ta ce kowa ya yi shiru, ta manna kunne a jikin ƙofa. Can ciki muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar ana buga roba a ƙasa. Mai Walda ba ya gani sosai amma hannunsa ya san makulli, da ƙarfen da ya ciro daga aljihu ya ɓalle shi.

A banɗaki muka same shi, kwance a gefe ɗaya, moɗar wanka a hannunsa, da ita yake buga ƙasa. Tun safiyar Talata santsi ya kwashe shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Wayarsa tana kan gado, taku shida, kamar tana wata duniya. Ruwan da ya rage a bokiti shi ya riƙa lasa har ya ƙare. Leɓɓansa sun tsattsage. Gwaggo ta cire mayafinta ta rufe shi kafin mu ƙarasa shiga, ta durƙusa ta tallafi kansa. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Hedimasta," ya ce, da ƙyar ake ji. "Kin makara."

Kwana uku bayan an yi masa aiki na je asibiti da ita. Ni ban iya haɗa ido da shi ba, na tsaya ina gyara labulen taga da ba abin da ya same shi. Shi ya yi maganar da kansa, ba da faɗa ba, kamar yana bayanin darasi.

"Da na faɗi ban tsorata ba. Na ce bakwai da rabi yanzu, goma ta yi za ta ga kofina, awa biyu da rabi ne, zan iya. Ina jin rediyon maƙwabta, na ji an ce ƙarfe goma. Na kasa kunne ga matakala. Sai da sha ɗaya ta wuce na tuna babu ƙusa. Sai kuma na tuna ni ne na ɗaga hannu na ce kada a neme ni sati guda." Ya ɗan yi murmushi. "Duk da haka Laraba ma na kasa kunne. Alhamis ma."

'Yarsa ta zo ta tafi da shi garinsu. Likita ya ce zai taka, amma da ƙarfen dogarawa, kuma shi da matakala har abada. Ɗakin an ba wani haya. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana shigowa takwas saura kwata, ko sallama bai samu ya yi da benci ba, dama kuma babu bencin.

Na koma wurin Manaja. Na ɗauka yanzu kunya za ta sa ya ce a dawo da allo. Ya ce wallahi abin ya taɓa shi, har ya aika da kwandon madara da lemo asibiti. Ya ce amma in duba, nan kanti ne, ba asibiti ba, ba kuma gidan kula da tsofaffi ba, kowa yana da 'yan uwansa. Sannan ya ƙara da cewa in ja wa Mama kunne, barin inji da layi a tsaye ba zai sake yiwuwa ba, wannan karon ya kau da kai saboda darajar babansa. Ina kallon ƙyallen nan a saman kansa, KU YI ZUMUNCI, na rasa abin da zan jefe shi da shi wanda ba zai kai ni ofishin 'yan sanda ba.

Na samu Gwaggo a ɗakinta na ce ta aje masa hularsa, ni zan riƙe ta, ba ta rasa ci ba ta rasa sha ba.

"In na bar aikin, tsofaffin su je ina?"

"Su je duk inda za su je. Yaron nan bai san darajarki ba."

"Ke kin sani?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Shi ya cire allo, ke kika kore mutane. Da kin bar su suna zuwa a fili, ko ba ƙusa, Direba zai ce ina Malam tun ranar Talata. Ku biyun nan kanku ɗaya. Kowa ya san abin da ya dace da tsofaffi, babu wanda ya tsaya ya ji ta bakina. Na tambaye shi ya yi dariya, na tambaye ki kika ce na cika sanyi."

Shekarata hamsin da ɗaya, ina da jika, amma na tsaya a gabanta kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

Kashegari da safe, kafin a buɗe kanti, na ji ana buga bangon shagona daga waje. Na fito na samu Gwaggo a kan kujerar kwastomomina, guduma a hannu, Mai Walda yana riƙe mata allon. Ba ta nemi izinina ba. Ta sa shi ya matsa dama, ya matsa hagu, ta sauka ta tsallaka titi ta tsaya a jikin gilashi daidai inda injin yake, ta hango, ta dawo ta ce a ɗaga shi kaɗan. Sannan ta shiga ƙarƙashin teburina ta jawo kwalin, ta wanke kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta rataye kowanne a ƙusarsa.

Yanzu haka ake yi. Tsoho ya biyo ta shagona ya sauke kofinsa, ya tsallaka, Gwaggo ta tara a bakin inji ta cika masa. Ranar farko Manaja ya zo ya tsaya a kanta.

"Mama, mene ne wannan kuma?"

"Kwastoma ne ya zo da kofinsa, Manaja. Ka nuna min inda aka rubuta an hana, ka karanta min tunda ni ban iya ba."

Mutanen layi suka yi dariya, ya koma bayan kanta yana latsa waya. Da yamma in ta tashi takan kawo kofunan a roba, a wanke, ta mayar da su. Ƙarfe goma kuma, tunda an ɗaure ta a inji, takan ɗaga kai ta hango bangona ta cikin gilashi. In akwai kofi a rataye sai ta ƙwanƙwasa gilashin da cokali har sai na juyo, ta nuna min da yatsa. Ni ke kashe keke in tafi. Ba mu taɓa zama mun yi wannan yarjejeniyar ba, ranar farko ta nuna ni kuma na tashi.

Kada wani ya ce min ai komai ya daidaita. Mai Walda da rabin idonsa yana ratsa titin motoci da kofi a hannu kullum, ba na ɗauke ido daga kansa har ya kai. Nas har yau ba ta iya hawa kujerun nan, a tsaye take sha ko ta dawo ta zauna a dakalin shagona, shayin ya huce. Benci biyun da kafinta ya buga an ce wani mai gidan burodi ya kwashe ya yi makamashi da su. Hirar da ake yi mutum goma a tebur ɗaya ta koma ta mutum biyu-biyu a tsaye, ana matsa wa masu kwando hanya. Ƙyallen nan kuma yana nan, har an wanke shi an mayar.

Kofin Malam Gwaggo ta naɗe a tsumma ta ba mai mota ya kai masa. Ƙusarsa tana nan ba komai. Wani tsoho da ya tare a layinmu kwanan nan ya zo da kofinsa ya miƙa hannu zai rataya a kanta, ta ce ya dakata, ta karɓi guduma ta buga masa sabuwa a ƙasa, ta goma sha biyar, ita ma a karkace.

Jiya goma ta yi na ji cokali a gilashi. Koren kofin roba, layin ƙasa, na uku daga hagu. Na bar wuyan riga a ƙarƙashin allura, na hau matakala ashirin da biyu da gwiwoyin da su ma suka fara ba ni labari, na buga ƙofa, ba amsa, na sake bugawa da ƙarfi. Sai ga Direba da tawul a ƙugu, ido duk barci.

"Tela, ke ma? Wai mutum ba shi da ikon makara a ɗakinsa?"

"Ba shi da shi. Sa riga ka sauko, ina tsaye a nan."